Plains: Ƙauyen manoman gyaɗa da Carter da matarsa suka ƙi bari

Ƙanena da ke aikin jinya a Atlanta ya daɗe yana nacin in je in ga iyalinsa, ni kuma ina ta ja masa rai, sai bayan ƙaramar Sallar 2025 Allah ya nufa. Daga Kano na sauka Legas, daga nan na hau jirgin da ke zuwa Atlanta kai tsaye, awa goma sha biyu da 'yan kai a sama. A filin jirginsu layin baƙi ya yi tsawo, amma tambayoyin kaɗan ne: wurin wa ka zo, yaushe za ka koma, me ka ɗauko na ci. Dama an gargaɗe ni kada in kuskura in sa kilishi ko dambun nama a jaka, don nama ba ya shiga. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji na faɗa musu, suka duba, suka ce in wuce.

Atlanta birni ne kamar sauran manyan birane, ba zan cika ku da labarinsa ba. Abin da ke raina tun daga gida shi ne wani ɗan ƙauye a kudancin jihar Jojiya mai suna Plains, mahaifar Jimmy Carter, shugaban Amurka na 39, da matarsa Rosalynn.

Dalilina kurkunu ne. Duk wanda ya tashi a karkarar Arewa kafin shekarun 1990 ya san shi. A garinmu, can ƙasar Bichi, damina na faɗuwa za ka ga magidanta zaune a zaure ƙafa a kumbure, ana nannaɗe farar tsutsa a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kullum, gona kuwa ciyawa ta cinye. Cibiyar Carter, wadda shi da matarsa suka kafa, ta shiga yaƙi da cutar a 1986, lokacin da ake ƙiyasin mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara a ƙasashe 21. Ƙidayar da aka yi a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980 ta samu sama da mutum 650,000. Ba allura, ba ƙwaya, sai ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwo tsoma ƙafa a tafki, da 'yan sa-kai a kowane ƙauye. Janar Yakubu Gowon ya zagaya ƙasar nan a kan wannan aiki, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Najeriya da Nijar shaidar rabuwa da cutar. Na so in ga irin garin da ya fitar da shugaban ƙasar da ya damu da ruwan tafkin ƙauye.

Bayan sallar asuba muka kama hanya, ni da ƙanena da babban ɗansa. Muka ɗan bi babbar hanya mai lamba 75, sannan muka karkata zuwa mai lamba 19, wadda ta ratsa Griffin da Thomaston da Butler da Ellaville har Americus. Tafiyar kusan kilomita 250 ce, kuma shingen bincike ko ɗaya ba mu tarar ba. Ba ganga, ba katako mai ƙusa, ba wanda ya leƙo ya ce yaya hanya. 'Yan sandan suna nan, sai dai laɓe suke a gefen titi da na'urar auna gudu, shi ya sa idon ƙanena bai bar agogon mota ba. A gidan mai kai ne za ka zuba wa kanka. Galan ɗaya kusan dala 3 ne, wanda da na buga lissafi da canjin lokacin sai na ga lita ta ɗan ɗara tamu tsada.

Tun daga Butler ƙasa ta fara sauya. Dazuzzukan dogayen itatuwan katako a jere, sai gonakin wani icce mai 'ya'ya kamar gyaɗa da suke kira pecan, sai filayen da aka yi wa kaftu ana shirin shuka. Ƙasar ja ce wur. Coci kuwa, kowane ɗan ƙauye biyu ko uku.

A gefen hanya muka tsaya wurin wani dattijo da ke sayar da dafaffiyar gyaɗa a ƙatuwar tukunya kan murhun gas. Dala 5 ya karɓa ya cika mana kofi. Na ɓare ɗaya, ruwan gishiri ya tsiyayo mini a yatsa, ƙwayar ta yi laushi tiɓis.

"Yaya, ya ka ji ta?" in ji ƙanena yana dariya.

Na ce gyaɗa dai gyaɗa ce, amma sun cika mata wuta da gishiri. Duk da haka kafin mu kai Americus ba sauran ko ɗaya. Jihar Jojiya ita ke noma kusan rabin gyaɗar Amurka baki ɗaya.

A Americus ne aka kafa ƙungiyar Habitat for Humanity a 1976, mai gina wa marasa ƙarfi gidaje, wadda Carter da Rosalynn suka riƙa yi wa aikin kafinta na mako guda kusan duk shekara tun 1984. Ba mu tsaya ba. Muka juya yamma kan hanya mai lamba 280, cikin minti goma sha biyar sai ga mutum-mutumin gyaɗa mai tsawon ƙafa 13 yana washe haƙora. A jihar Indiana aka ƙera shi lokacin yaƙin neman zaɓen 1976, daga baya aka kawo shi nan.

Wallahi ƙanƙantar garin ta ba ni mamaki. Mutanensa ba su kai 600 ba. Kasuwarsa duka-duka jerin kantunan jan bulo ne guda ɗaya da ke fuskantar layin dogo, da ƙaton allo a sama mai cewa nan ne garin shugaba na 39. Ɗan ƙanena ya duba hagu da dama ya ce, "Baffa, shi ke nan garin?" Na ce shi ke nan.

Masaukinmu yana saman ɗaya daga cikin kantunan nan. Tsohon gini ne da ya fara lalacewa, mutanen gari da Carter da matarsa suka haɗa hannu suka gyara, aka buɗe shi a 2002. Ƙasa kantin tsofaffin kaya ne, sama ɗakunan kwana bakwai, kowanne an ƙawata shi da kayan zamani guda, daga shekarun 1920 zuwa na 1980. Rosalynn na cikin waɗanda suka zaɓo kayan ɗakunan, shi kuma maigidan ya taɓa aikin katako. Dala ɗari da 'yan kai muka biya wa ɗakin. Na ƙi juya kuɗin zuwa naira don in samu barci.

Muka fara da tsohuwar makarantar garin, ginin 1921. Nan Carter ya gama a 1941, Rosalynn ta gama a 1944 tana ta ɗaya a ajinsu. An rufe makarantar a 1979, kuma da ba a kula ba da tuni ta zama kango. A 1987 majalisar dokokin Amurka ta ayyana ta, tare da tashar jirgin ƙasa da gonar da Carter ya tashi da gidan da yake zaune, a matsayin wurin tarihi ƙarƙashin hukumar gandayen ƙasa. Shiga kyauta ne. An bar aji ɗaya yadda yake a shekarun 1930, da bencina masu ramin tawada da baƙin allo, an bar ofishin shugaban makaranta da zauren taro. Ana girmama wata malama, Julia Coleman, wadda Carter ya ambata a jawabinsa na kama mulki a 1977. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayanin wurin bai ɓoye cewa a zamanin karatunsu makarantar ta 'ya'yan farar fata ce zalla ba. 'Ya'yan baƙaƙe, waɗanda su ne abokan wasan Carter a gona, ba su da ikon taka ƙofarta.

A nan na fahimci labarin matar, wanda a gida ba mu cika jinsa ba. A Plains aka haife ta a 1927, kuma mahaifiyar Carter, wadda malamar jinya ce, tana cikin waɗanda suka karɓi haihuwarta. Tana da shekara 13 mahaifinta ya rasu, ta riƙa taya uwarta ɗinki da renon ƙanne. Suka yi aure a 1946, yana hafsan sojan ruwa, ta ji daɗin barin ƙauye da ganin duniya. Da mahaifinsa ya rasu a 1953, Carter ya ajiye aikin soja ya ce gida za su koma, bai ko yi shawara da ita ba. Su da kansu sun sha ba da labarin cewa a doguwar tafiyar dawowa da ƙyar ta yi masa magana. Suka zauna a gidan haya na gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, mai lamba 9A, wanda har yau yana nan da allo a gabansa. Ita ta karɓi littafin lissafin rumbun gyaɗarsu har ta fi shi sanin inda riba take. Matar da aka kawo tana fushi ita ce daga baya ta fi kowa tsaya wa garin.

Tashar jirgin ƙasa ɗan ginin katako ne na 1888. Ita suka mayar hedikwatar yaƙin neman zaɓe a 1976, kuma daga nan jirgi na musamman ya kwashi mutanen gari zuwa bikin rantsuwa a Washington. An bar fastoci da tsohuwar talabijin a ciki.

Abinci sai da lura. A wani ɗan gidan abinci mai hidimar ta ce akwai dafaffen ganye, ƙanena ya tambaye ta da me aka dafa, ta ce da ɗan naman alade, haka al'adar Kudu take. Muka tsaya kan soyayyiyar tarwaɗa da dankali da burodin masara. Daga baya muka sha askirim ɗin gyaɗa a kantin da ke kan jerin, shi kam ba laifi. Masallaci babu, a ɗaki muka haɗa sallolinmu na matafiya. Kafin ƙarfe shida na yamma kantuna sun rufe, garin ya yi tsit sai kukan tsuntsaye.

Da safe muka nufi Archery, kamar kilomita huɗu zuwa biyar yamma da gari, inda iyalin suka koma a 1928 Carter yana ɗan shekara huɗu. Nan ne tafiyar ta biya kuɗinta. An mayar da gonar yadda take kafin wutar lantarki ta iso a 1938. Gidan katako ne mai baranda, tsakar gida share tas ba ciyawa. Ga banɗakin rami a baya, ga famfon iska da ya fara kai musu ruwa cikin gida a 1935, ga wurin wanka da aka rataya bokiti mai huje-huje a ƙasa. Akwai maƙera, akwai rumbu, akwai awaki da kaji da alfadarai, kuma har yanzu ana shuka ɗan auduga da gyaɗa da rake don baƙi su gani. Kusa da gidan ga kantin mahaifinsa, inda ma'aikatan gona ke karɓar gari da sukari da kananzir bashi zuwa kaka. A wurare da dama akwai maɓalli, in ka danna sai ka ji muryar Carter da kansa yana ba da labarin wurin. Yana ɗan shekara biyar yake dafa gyaɗa, ya ƙulla ƙulli ashirin, ya bi layin dogo da ƙafa zuwa Plains ya sayar a kan santi biyar-biyar. Talla dai, irin wadda muka yi.

Akwai ƙararrawar gona da ake kaɗawa kafin gari ya waye a tashi ma'aikata. Ranar 4 ga Janairun 2025, da aka ɗauko gawar Carter, motar ta tsaya a gaban gonar aka kaɗa ƙararrawar sau 39. Mai kaɗa ta a zamanin yarintar Carter baƙar fata ne, Jack Clark, kuma gidansa da matarsa Rachel yana nan a cikin gonar, an gyara shi an adana. Ɗan ƙaramin gida ne, ba komai a ciki sai gado da murhu da tebur. In iyayen Carter sun yi tafiya nan yake kwana, a kan katifar ƙasa da aka cusa wa ɓawon masara, kuma ya sha faɗa cewa Rachel na cikin waɗanda suka yi masa tarbiyya. A lokacin, a Archery iyalan farar fata biyu ne kacal, sauran duk baƙaƙe. A falon babban gidan akwai rediyo mai batir. A 1938, daren damben Joe Louis da Bajamushe Max Schmeling, maƙwabta baƙaƙe suka roƙi a bar su su saurara, aka ɗora rediyon a taga suna tsaye a waje. Louis ya kayar da abokin karawarsa a zagayen farko, suka yi godiya a hankali suka tafi shiru, sai da suka tsallaka layin dogo sannan ihun murna ya ɓarke.

Na daɗe a cikin gidan Clark. Mai son a yabe shi kawai, da babban gida zai gyara ya bar bukkar ɗan ƙodago ta rushe. A nan an ajiye su biyun kusa da juna, yaro ɗan makaranta ya shiga wannan ya shiga wancan ya ga bambancin da idonsa.

Dole na tuna gida. Mahaifinmu malamin awo ne a zamanin cinikin gyaɗa, ya sha ba mu labarin dalar gyaɗa ta Kano, da su Alhassan Ɗantata, da yadda jirgin ƙasa ke jigilar buhuna zuwa Ikko. Fari na shekarun 1970 da cutar da ta kama gyaɗa da kuɗin man fetur suka tafi da wannan duka. Yau in ɗanka ya ce ka nuna masa, sai dai tsohon hoto. Ba cewa nake ba mu adana komai ba: akwai Gidan Arewa a Kaduna inda Sardauna ya zauna, akwai Mambayya ta Malam Aminu Kano, akwai kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauchi, kuma duk ukun ba su tara abin duniya ba. Amma abin da muke adanawa gidan babban mutum ne da rigarsa da takardunsa. Gonar da ta ciyar da shi, da sikelin da aka auna gyaɗar, da ɗakin barorin gida, da makarantar firamaren ƙauyen, su ba mai waiwayarsu. Sikelin mahaifinmu ma 'yan gwangwan ne suka saye shi da kilo.

Daga gona muka biya cocin Maranatha, wadda aka kafa a 1977 bayan rigima a tsohuwar cocin Baftis ta garin kan karɓar baƙar fata. Carter ya daɗe a ɓangaren masu ƙin wariya: a shekarun 1950 ya ƙi shiga ƙungiyar fararen da ke kare wariya har aka ƙaurace wa rumbunsa na ɗan lokaci. Bayan ya sauka daga mulki ya shafe shekaru yana koyar da darasin Lahadi a nan, mutane na kwana a mota don su samu wurin zama. Shi ya sassaƙa gicciyen katakon da ke ciki, kuma in layi ya zo kansu shi ke yankan ciyawa, ita tana share ciki. Daga waje muka tsaya.

Gidansu yana kan titin Woodland. A 1961 suka gina shi, kuma shi kaɗai suka taɓa mallaka. Nan suka dawo a 1981 bayan ya sha kaye a hannun Ronald Reagan, suka tarar rumbun gyaɗar da suka bari a hannun amintattu yana da bashin sama da dala miliyan ɗaya, dole suka sayar. Ba a shiga lokacin da muka je, daga bakin shinge muka hango rufinsa cikin itatuwa. A harabar aka binne su biyun: ita ta rasu a Nuwamban 2023 tana da shekara 96, shi a ranar 29 ga Disamban 2024 yana da 100, bayan aure na shekara 77. Zaɓen a binne su a nan ma dabara ce ta riƙe garin, don baƙi su ci gaba da zuwa. Gidan sun riga sun mallaka wa hukumar gandayen ƙasa.

Sauran ayyukansu a warwatse suke cikin gari. A 2017 ya ba da hayar eka 10 na gonarsa aka kafa faranta 3,852 na wutar sola, masu iya ɗaukar kusan rabin bukatar garin. A 2018 aka buɗe ƙaramin asibiti bayan ya nemi jami'ar Mercer ta kawo. Ita kuma a 2013 ta fara dasa lambunan furanni saboda wani malam-buɗe-littafi da ke ƙaura tsakanin Kanada da Meksiko wanda yawansa ke raguwa, abin ya bazu zuwa wasu garuruwa. Da farko na ɗauka wasan masu ƙoshi ne, sai na ga motar 'yan makaranta ta tsaya a ɗaya daga cikin lambunan, daga nan yaran suka cika kantin askirim.

A kan benci gaban kantunan na zauna kusa da wata dattijuwa baƙar fata, muka gaisa. Da ta ji daga Najeriya nake ta ce ai Mista Jimmy ya je can yana shugaba. Gaskiyarta, a 1978 ya sauka Legas zamanin Obasanjo. Haka duk garin ke kiransu, Mista Jimmy da Mis Rosalynn. Ta ce sau da yawa takan gan su da yamma suna tafiya riƙe da hannun juna, masu tsaro na biye a baya. Na tambaye ta yadda garin yake yanzu. Ta girgiza kai ta ce jikokinta duk suna Albany da Atlanta, don nan ba aiki. Noman gyaɗa inji ke yi, mutum uku sun isa gonar da dā take cin mutum hamsin. Ta ce bana baƙi sun yi yawa saboda rasuwar, amma shekara goma nan gaba Allah kaɗai ya sani.

Maganarta gaskiya ce, kuma ido ma ya gani. Bayan jerin kantunan akwai gidajen da fenti ya kaɗe da waɗanda aka rufe. Sunan shugaban ƙasa bai mayar da Plains birni ba, bai kuma kori talauci ba. Abin da ya yi shi ne ya hana garin mutuwa irin ta wasu ƙauyukan da muka ratsa a hanya, masu kantuna a garƙame da katako.

A mota muka yi ta musu da ƙanena. Shi yana ganin Carter shugaba ne da ya kasa: tsadar kaya, dogayen layukan mai, da Amurkawan da aka yi garkuwa da su kwana 444 a Iran. Na ce to sulhun Masar da Isra'ila na 1978 fa, da lambar Nobel ta 2002, da littafin da ya rubuta a 2006 kan halin Falasɗinawa wanda ya jawo masa zagi a ƙasarsa? Ya ce wannan duk daban, mulki daban. Na tambaye shi in ya yi ritaya ko zai koma garinmu ya zauna. Ya ce, "Yaya, a fara kawo wuta da asibiti tukuna." Na ce wa zai kawo? Ya ƙara sautin rediyo.

Ga mai niyyar zuwa: ba motar haya da ke shiga Plains daga Atlanta, sai ka samu mai kai ka ko ka yi hayar mota. Akwai jirgin ƙasa na 'yan yawon buɗe ido da ke tasowa daga Cordele a wasu ranaku, yana tsayawa a Plains da Archery. In so samu ne a je ƙarshen Satumba, lokacin bikin gyaɗa na shekara, ana tsakar cira. A riƙe guzuri daga gida saboda sha'anin alade, kuma a kama ɗaki tun da wuri, bakwai ne kawai.